Ƙwallon Tsamiyar Goggo

Jiya jikata ta jiƙa tsamiya za ta dama kunu, ta tace, ta watsa ƙwallayen a cikin kwano. Ƙarar nan ta sa na ajiye carbina. Yarinyar a jami'a take karatu, kuma kwanan baya ta kawo mini wata takarda da makarantarsu ta buga, an jera sunayen waɗanda suka yi karatu a can suka zama manya. Ta karanta mini tana ta murna, na ce mata madalla. Ni jerin sunaye ba ya burge ni, don na ga yadda ake cire mutum daga ciki.

Gidanmu yana wani ƙaramin gari kusa da Bungudu. Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba, ko jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Baba malamin ilimi ne, ba na yara masu allo ba. Magidanta ke zuwa wurinsa, masu gemu, waɗanda suka daɗe da sauka, daga Tsafe da Bilbis da Mada, har da Fulani daga rugage. Da an gama girbi sai su fara isowa da jakuna da damman gero, su kafa bukkoki a bayan gida. Bayan asuba fiƙihu, da hantsi nahawu, bayan la'asar tafsiri. Kowa da littafinsa, kowa ya jira a zo kansa. In damina ta faɗi su koma gonakinsu. Mutum kan yi shekara bakwai yana wannan kai da kawo kafin Baba ya naɗa masa rawani ya ba shi izinin karantarwa.

Fanni ɗaya ne Baba ba ya taɓawa, shi ne rabon gado. In ɗalibi ya kai nan sai ya ce masa, "Tashi ka tafi wurin Yaya." Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, mu muna ce mata Goggo. Mijinta ya rasu ba ta haihu ba, ta dawo gida. Tare kakanmu ya karantar da su, kuma Baba da bakinsa yana faɗa cewa ta fi shi kai.

Ɗakinta yana jikin zaure, an saki asabari a ƙofa. Ɗalibi ya zauna a waje, ita tana ciki, ta turo masa ƙoƙon ƙwallon tsamiya ta ƙarƙashin asabarin. Sai ta ce mutum ya rasu ya bar wane da wance. Shi kuma ya jera ƙwallaye a ƙasa, na mata a hagu, na maza a dama. In ya yi kuskure ba ta faɗa, tsaki ɗaya take yi, sai ka ga ƙato da gemunsa ya kwashe ya sake lale. Tun ina shekara bakwai ta ba ni nawa ƙoƙon, ina gefenta ina jerawa, sau da yawa ma ina riga su gamawa. Takan dungure mini kai ta ce in daina dariyar manya.

Rabin littattafan makarantar nan da hannunta ta kwafe su. Zare take kaɗawa a sayar, a sayo mata takarda daga fatake. Ɗakinta yana yoyo, ga gara, shi ya sa aka ajiye gafakokin littattafanta a zauren Baba tare da nasa. Ba ta kuma sa sunanta a ƙarshen littafi yadda maza ke yi, wai don Allah ta yi.

Ɗalibanmu sun yi nisa, wannan ba ƙarya ba ne. Wani ya zama limami a ƙasar Tsafe, wani ya buɗe tasa makaranta a Ruwan Bore. Amma wanda ya fi kowa shi ne wani dogo siriri da ya zo mana da riga ɗaya. Rani uku ya yi a bakin asabarin Goggo. Tana ji da shi ƙwarai, har fura take ajiye masa, kuma shi kaɗai take ara wa takardunta ya tafi da su bukka. Daga baya aka naɗa shi alƙali a wani babban gari. Ranar da labari ya zo Goggo ta sa aka toya waina aka raba.

Baba ya rasu da bazara, ina wajen shekara goma sha biyu. Ranar sadakar arba'in tsofaffin ɗalibai suka cika zaure. Alƙali ya zo a kan doki, da alkyabba, da wani baƙon malami daga Sakkwato wanda yake ta girmamawa. Daga baya muka ji cewa a can garin da yake alƙalanci ya riga ya baza cewa a Sakkwato ya yi karatunsa duka.

Yayyena maza biyu ba su bi karatu ba, harkar auduga suke yi a Gusau, kuma so suke a raba komai su koma. Sai Goggo ta yi magana daga bayan asabari. Ta ce a ware littattafanta tukuna. Ga ɗalibai nan a bukkoki ba su gama ba, babbansu zai hau buzun Baba, ita kuma ta ci gaba da nata fannin, kada makaranta ta mutu. Babban yayana ya ce duk abin da aka samu a zauren mamaci na mamaci ne, sai in tana da shaida.

Goggo ko a jikinta. Ta ce, "Ga alƙali nan zaune. Ku tambaye shi rubutun wa ya kwana da shi shekara uku."

Ina leƙe ta tsakanin karan asabari. Alƙali ya dubi baƙonsa, ya gyara alkyabba, ya ce, "Ni dai na san baiwar Allah da kirki. Na ci tuwonta, Allah ya saka mata. Karatu kuwa, ban san ta da shi ba."

Limamin nan na Tsafe ya yi tari ya sunkuyar da kai. Sauran ma kowa ya kama kallon yatsun ƙafarsa. Mutum sama da goma da suka durƙusa a ƙofar nan, babu wanda ya motsa baki, don ba mai son ya ƙaryata alƙali a gaban baƙo. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Sai aka ce tunda ga alƙali, shi zai yi rabon. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wata 'yar jakar fata, ya zazzage ta a kan tabarma. Ƙwallon tsamiya ne, sun yi sumul saboda shan hannu. A lokacin idon Goggo ya riga ya dushe, amma kunnenta ras yake. Ta kama hannuna.

"Na mata a hagu ya sa?"

"A hagu, Goggo."

"Ni ina ya sa ni?"

"Bai sa ki ba."

Ta ce, "Daidai ya yi. 'Yar'uwa ba ta gado in akwai ɗa namiji. Ni na koya mishi."

Ba ta yi kuka ba, ni na yi. Kashegari aka ɗaure gafakoki a kan jakuna aka nufi Gusau da su, ban san hannun da suka ƙare ba. Ɗalibai suka watse kafin ruwan fari, bukkokin suka zube, aka shuka gero a wurin. Ni rabona littafi ɗaya ne, Allah ya sa na hannunta ne. Goggo ta ƙara shekara biyu a duniya. Ba ta sake neman ƙoƙon nan ba, ba ta kuma taɓa zagin mutumin ba. Ni ban kai ta hali ba. Ya daɗe da rasuwa, an ce ya yi adalci a shari'a, amma ni ban yafe masa ba.

Yanzu zamani ya juya. Mata na shiga aji ido da ido da maza, ana ba su takardar shaida da sunansu ɓaro-ɓaro a kai. Na ji ma har yau akwai tsofaffin malamai a wajen Gusau da ke koya rabon gado da ƙwallon tsamiya, suna ce masa hanyar alƙali.

Jiya dai na ce wa jikata kada ta zubar da ƙwallayen. Na sa ta wanke su, na jera mata, na mata a hagu, na maza a dama. Abin ya ba ta mamaki, ta ɗauko biro ta ce in gaya mata sunan wanda ya fito da wannan dabara ta rubuta. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tsaya. Baba yana ce mata Yaya, ɗalibai suna ce mata Inna, mu kuma yara ba a kama sunan babba a gabanmu. Duk waɗanda suka san sunanta sun mutu. Na ce wa yarinyar ta rubuta Goggo.