Taraktar da Ba Ta Tashi da Turi

Malam Bubayero, mutumin wata ruga da ke gabas da Kiyawa, makiyayi ne ɗan makiyayi. Da ciwon bushiya ya ratsa garkensu ya bar musu 'yan kaɗan, sai ya jingine sanda, ya koyi tuƙin tarakta a Ringim, ya yi shekara da shekaru yana yi wa wasu huɗa. Bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa, aka yi gwanjon tsofaffin taraktoci a Dutse. Ya sayar da bijiman da suka rage, har da na mahaifiyarsa Dada, ya sayi wata ja. A bayan babbar mota aka kawo ta, domin batirinta ya mutu, kik ɗinta mai tayar da inji kuma ya daina aiki.

Wannan bai dame shi ba. Duk taraktar da ya taɓa tuƙawa, idan batir ya ƙi, sai a saka ta a giya a tura, ƙafafun su juya injin, ta tashi. Ya tara majiya ƙarfi suka tura ta. Ta yi ta gangarawa tana ƙas-ƙas-ƙas a ciki, injin ko motsi bai yi ba. Aka ɗaura mata shanun huɗa na aro suka ja ta, duk ɗaya. Kowa ya ce giya ta karye. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu sayen tsohon ƙarfe kuma sun fara zagayawa. Idan maganar mutane ta tabbata, ya rasa shanu, ya rasa tarakta.

Sale, taubashinsa Bahaushe, bai raga masa ba.

"Bafillace," in ji shi, "ka ba da shanu masu tafiya da ƙafarsu, ka karɓo wadda sai an goya ta. Ko dai a kai ta mashaya, wataƙila ƙishirwa ce?"

"Kai dai tura, Kaɗo. Abin da aka kira ka yi ke nan."

Dada kuwa kunyarsa take yi irin ta Fulani. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Sai dai ta daina bin hanyar da taraktar take, kuma wannan ya fi yi masa ciwo fiye da bakin Sale.

Da safe ya zauna ya duba ta yadda yake duba saniya a kasuwar shanu. Tsakanin ƙafafun direba akwai sanduna biyu, doguwa ta sauya giya, gajeriya ta zaɓen gudu ko ƙarfi, kamar dai waɗanda ya sani. Amma kusa da sitiyari akwai wani ɗan maɓalli mai hawa sama da sauka ƙasa, wanda bai taɓa gani ba. Ya saka giyar gaba, ya ce da Sale su tura ta baya. Suka tura, ta cije, ta ƙi motsawa.

"To, yanzu kuma baya za mu yi noman?" in ji Sale.

"Abin da ya karye, gaba da baya duk sakin jiki yake yi," in ji Bubayero. "Wannan tana saki ta gaba, tana kamawa ta baya. Haka aka ƙera ta."

Ya hau babur zuwa Dutse, wajen Malam Sharhabilu, tsohon makaniken taraktoci, ya kwatanta masa maɓallin da kuma cijewar. Tsohon ya tabbatar masa cewa akwai irin wannan giyar, ana ƙara mata gudu ba tare da taka kuloci ba, amma sai injin yana aiki take kamawa, don haka ba ta tashi da turi ko da garin nan duka zai tura. Ya kuma gargaɗe shi cewa a gangaren duwatsu ya bar maɓallin a sama, domin a ƙasa injin ba ya riƙe ta.

Suka gyara kik ɗin, ya aro batirin wata babbar mota. Da ya murɗa mukulli, ta yi tari, ta fitar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama ruri. Ruwan shuka ya sauka cikin makon, kuma gonar Dada ya fara shiga.

Daga wannan damina sunansa ya bazu. Duk mai son sayen tsohuwar tarakta, daga Kafin Hausa har Ringim, sai ya ɗauke shi, ya je ya ƙidaya sanduna, ya nemi maɓalli, ya sa a tura gaba da baya, kafin a yi ciniki. Cikin 'yan shekaru ya mayar wa Dada bijimanta, har da ƙari.

Amma abin da ya fi yawan ba da labarinsa shi ne ranar huɗar farko. Da ya kai ƙarshen kunya ta ƙarshe ya kashe injin, sai ya ga Dada tsaye a bakin gona da ƙwarya cike da ruwa. Ba ta dube shi ba. Sale ta miƙa wa, ta nuna taraktar da haɓa.

"Ka gaya wa wancan," in ji ta, "ya ba jar nan ruwa. Ta yi aiki."