Ƙafar Hassana mai banda

Har yau ban mance da safiyar da Hassana mai banda ta miƙo mini wata takarda a ninke ba, lokacin ina riƙe da wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Kaoje. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara da kyau, don kuskuren nawa ne, ba na kowa ba.

Ni jami'in lafiya ne na matakin farko. Aikina allura, ƙarin ruwa, wankin ciwo, in abu ya fi ƙarfina in rubuta takardar turawa babban asibiti. Ba likita ba ne ni, amma haka mutanen gari ke kirana, kuma in faɗi gaskiya sunan ya hau mini kai.

Hassana da sikila aka haife ta, abin da mutanenmu ke ce wa amosanin jini. 'Yar masunta ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu. Da kai take ɗaukar kwandon kifi daga bakin kogi zuwa kasuwa, wani lokaci har ta tsallaka kasuwannin Benin. Abincin gidan nan a ƙafarta yake.

Mun saba da ita. In ciwon ya tashi a kawo ta, mu ɗaura ruwa, mu yi allurar kashe zafi, kwana biyu ta miƙe. Har na haddace. Sai dai a daminar nan kukanta ya sake. Ba duk jiki ba, wuri ɗaya take nunawa, can cikin kwatangwalon hagu.

Safiyar da nake ba ku labari ta shigo tana ɗingishi. Ta ce ciwon ya kayar da ita a kasuwar ƙetare, aka kai ta asibitin can, aka yi mata hoton ƙashi, aka ba ta takardar nan.

"Likita, sun ce in bar taka ƙahwar, in riƙe sanda, in bar ɗaukar kaya. To mi za mu ci?"

Na buɗe takarda, Faransanci ne daga sama har ƙasa. Mu ma'aikatan bakin iyaka muna da wata muguwar ɗabi'a: takarda in ta zo daga ƙetare, ba mu iya karanta ta, ba mu kuma yarda mu ce ba mu iya ba. Sai mu ce ba tsarinmu ba ne, mu cusa ta cikin kati. Haka na yi. Raina ma ya ɓaci da ta je wani wuri.

Na ce, "Su sun san ki ne? Shekara nawa ina ba ki magani? In kika zauna ƙafar za ta sanƙare. Ki riƙa takawa, jini ya gudana."

Ta yi godiya har da murmushi, don abin da take so ta ji ke nan.

Bayan an gama yankan shinkafa aka turo mana wata ma'aikaciyar jinya daga Kamba, Malama Rakiya, wadda ta yi makaranta a Nijar. Tana gyaran katunan marasa lafiya ta ci karo da takardar. Ta karanta a tsaye, ta ɗago ta dube ni.

"Malam, matar nan tana ina yanzu?"

Na ce tana kasuwa mana. Sai Malama Rakiya ta zauna.

Ga abin da ke ciki, don ku gane. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa cikin ramin ƙugu, kuma ƙananan jijiyoyi ke kai masa jini. A mai sikila jijiyoyin nan kan toshe, ƙashin ya fara mutuwa a hankali. In an gano da wuri aka sauke masa nauyi, aka kai mutum wurin likitan ƙashi, akwai abin da za a gwada. In aka ci gaba da ɗora masa kaya, sai ya lotsa kamar tsohon kwano. Na Hassana da wuri aka gano shi. An rubuta ɓaro-ɓaro a tura ta wurin likitan ƙashi.

Washegari muka tura ta Birnin Kebbi. Amsar da likitan ƙashi ya aiko gajeriya ce: kan ƙashin ya riga ya rushe, ƙafar ta gajarce, bayanta ma ya fara karkacewa saboda ɗingishi da kaya. Sai dai a sa mata ƙugun ƙarfe, aikin da ba nan kusa ake yinsa ba. Ba a yi ba har na bar aiki.

Na je gidansu gaisuwa. Na same ta zaune kan tabarma gefen murhun banda, ba wuta a ciki. Na shirya ta zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce:

"Likita, kada ka ga laihina. Na bi maganarka. Kullum sai na taka ta, ko ina kuka sai na kai kasuwa."



Mukan zauna muna ƙorafi cewa mutanen ƙauye ba su jin magana. Suna ji, suna kuma bi, ko da za ta karya su. Shi ya sa nake gaya muku, mai sikila in ya nuna wuri ɗaya ya ce nan ne, ku tura shi hoto. Takardar da ba ku iya karantawa kuma, ku nemi mai iyawa tun ranar. Da na buɗe baki na ce ban sani ba, da wataƙila yau Hassana tana tafiya da ƙafarta.