Ranar Da Ɗan Isra'ila Ya Janye Maganarsa

Na ga abubuwa iri-iri a shekarun da na yi ina zuwa Guangzhou saro kaya, amma in aka ce in zaɓi guda ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba, to wata Juma'a ce da abokina ya sha kaye a musu, mutumin da tun muna yara ban taɓa ganin an kayar da shi ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da sunan ƙasar da labarin ya shafa, kuma in kun karanta za ku ga dalili.

Lokacin nan ne da ƙasashen Larabawa suka rikice, yau zanga-zanga a nan, gobe a can. Ni dogayen rigunan mata nake sarowa a kantunan Guangyuan Xilu, abokina kuwa takalma yake sarowa a Zhanxi. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, mu 'yan Kano da 'yan Maradi da 'yan Yamai sai mu zarce gidan abincin wani Balarabe, mu haɗa tebura, a kawo mana shinkafa da naman rago a manyan farantai. Ma'aikatansa 'yan China suna kiransa Loban, wato maigida, mu ma sai muka ara. Mutum ne mai fara'a, yana mana magana da Turanci gauraye da Larabci, ya kuma iya “sannu da zuwa” da “an gode”.

Majalisarmu ta gida muka ɗauko ɗungurungum muka kai China. Da zarar ciki ya ɗauka, sai musu. Kuma muna da wata al'ada: in musu ya ƙi ƙarewa, sai a nemo ɗan ƙasar da ake magana a kanta, duk abin da ya faɗa an yanke hukunci ke nan. In kan Ghana ne a kira mutumin Kumasi, in kan Nijar ne ga su nan birjik. Balarabe kuwa maganarsa ta fi ta kowa nauyi a wajenmu, don akwai waɗanda ko farashin albasa ya faɗa da Larabci sai sun ce amin.

Akwai abin da na sani game da Loban wanda sauran ba su sani ba. Wata rana na zo cin abinci ni kaɗai kafin mutane su cika, na tarar da shi ya kifa kai a kan tebur. Da yake mun daɗe tare, kuma ina ɗan jin Larabci na makarantar Islamiyya, sai ya gaya mini. An kama ƙaninsa a ƙasarsu, ɗalibin jami'a, bayan wata zanga-zanga. Jami'an tsaro sun je har gida sun gaya wa tsohuwarsu cewa in ana son a sake ganinsa, to kowa a dangi ya kama bakinsa, har da wanda ke China. Ya ce a cikin masu cin abinci a wajensa ma akwai 'yan ƙasarsu da bai san wa suke kai wa rahoto ba. Ya roƙe ni da girman Allah kada in gaya wa kowa, na kuma riƙe.

Shi kuwa abokina, tun ranar da ya haɗu da wani Bayahude a kantin takalma suka sha shayi tare, ya dawo mana da sabon karatu. Da ma shi in kowa ya yi gabas sai ya yi yamma, ko da kuwa ba shi da abin da zai ɗauko a can. To sai ga shi ya samu yamma mai dalili. Ya cika wayarsa da bidiyoyi, ya haddace hujjoji, har aka laƙaba masa suna Ɗan Isra'ila, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu.

Karatun nasa dai shi ne: a ƙasashen Larabawa in ka fita titi ka ce abinci ya yi tsada, sai a harbe ka ko a ɓatar da kai. A Isra'ila kuwa mutane suna cika titi su zagi shugabansu tas, su koma gida su ci abincin dare. Har Larabawan da ke can suna da kujeru a majalisa. Ya ce shugabannin Larabawa sun mai da sunan Falasɗinu murfin tukunya, duk talakan da ya buɗe baki sai a ce ɗan leƙen asirin Yahudawa ne. Gaskiya ni na san akwai ƙamshin gaskiya a wani sashe na maganar. Amma in ka tambaye shi su Falasɗinawan da ake rushe wa gidaje fa, sai ya ce wannan wani babi ne daban, za a zo kansa. Har yau ba a zo kansa ba. Abin dariyar kuma, wannan mai wa'azin 'yancin faɗin albarkacin baki, da zarar 'yan sandan China sun leƙo duba fasfo, muryarsa takan koma kamar ta mai mura.

Babban abokin karawarsa wani Alhaji ne na Maradi, mai saro yadi, dattijo mai kirki amma mai saurin hawa. Shi a wajensa duk wata tarzoma a ƙasar Larabawa Isra'ila ce ta kitsa ta. Ko wuta ce ta ɗauke a otal, in ka ba shi lokaci zai nuna maka hannunsu a ciki.

Ranar Juma'ar da nake ba ku labari, talabijin ɗin da ke bango tana nuna hayaƙi da mutane suna gudu, kuma a ƙasar su Loban ne. Abokina ya ajiye cokali ya nuna da yatsa.

“To Alhaji, waɗannan sojojin da ke dukan mutane, su ma daga Isra'ila aka yo hayarsu?”

“Kai dai yaro na,” in ji Alhaji. “Wanga abu duk shiri na. Kuɗɗi aka ba yaran su hito su ɓata ƙasarsu.”

“Wa ya ba su?”

“Mutanenka mana!”

Aka kwashe da dariya. Musu ya yi zafi, shinkafa ta huce. 'Yan Yamai suka bi bayan Alhaji, 'yan Kano suka rabu biyu, wasu don ra'ayi, wasu don kawai kada wasan ya ƙare da wuri. Can sai wani ya ce, “Wai me muke wahalar da kanmu? Ga ɗan ƙasar nan a tsaye!”

Na waiwaya. Loban yana tahowa da butar shayi a hannu, bai san me ake ciki ba. Kafin in ce wani abu, Alhaji ya zaro waya ya kunna ɗaukar bidiyo, wai don ya tura wa zauren 'yan kasuwa, kowa ya ji daga bakin mai abu. Mu a wajenmu wannan ba komai ba ne. Mun saba a gida mu zauna a teburin mai shayi mu yi wa shugaban ƙasa wankin babban bargo, mu tashi mu tafi kasuwa. Ba wanda ya kawo a ransa cewa akwai mutumin da kalma ɗaya a bidiyo za ta iya sa a kashe masa ɗan'uwa. A teburin da ke kusa da ƙofa kuma akwai wasu Larabawa biyu da suka daina cin abinci suna kallonmu.

“Loban,” in ji Alhaji da Turancinsa mai gauraye da Faransanci, “gaya wa yaron ga gaskiya. Gwamnatinku tana zaluntar mutane, ko kuwa Isra'ila ce ke hura wuta?”

Na ga Loban ya dubi wayar, ya dubi teburin bakin ƙofa, sannan ya yi murmushi. Ban taɓa ganin murmushi mai ban tausayi kamar wannan ba. Ya ce ƙasarsu lafiya lau take. Ya ce shugabansu uba ne ga kowa, Allah ya ƙara masa lafiya. Ya ce masu zanga-zangar yara ne da maƙiya daga waje suka ruɗa, kuma ba a taɓa kowa ba sai mai laifi. Yana faɗa yana zuba shayi, shayin yana zuba a gefen kofi.

Wuri ya kaure da kabbara da tafi. Alhaji ya juya wayar kan abokina. “To, ka ji daga bakin Balarabe! Saura mi?”

Ashe abokina ya taɓa tsintar ƙishin-ƙishin ɗin zancen ƙanin a bakin wani Balarabe mai harkar jigilar kaya. Na ga idonsa ya yi ƙyalli irin na mai riƙe da katin ƙarshe. Ya gyara zama, ya ce, “Loban, tsakaninka da Allah, ni fa na ji an ce ƙanin...”

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur da duk ƙarfina. Ya juyo zai zage ni, sai idonsa ya faɗa kan Loban. Mutumin ya tsaya cak da buta a hannu, fuskarsa ta yi fari fat, yana kallon abokina kamar yadda mara lafiya ke kallon likita. Wayar Alhaji tana nan tana ɗauka.

Abokina ya fasa ƙarasa maganar. Ya dube ni, ya dubi wayar.

“Shi ke nan,” ya ce. “Na janye. Alhaji ya fi ni gaskiya.”

Ai sai wuri ya rikice. Wani ya miƙe tsaye yana rantsuwa bai taɓa zaton zai ga wannan rana ba. Alhaji don murna ya ce shi zai biya shayin kowa. Kafin la'asar bidiyon ya zagaya wayoyin 'yan kasuwa daga Guangzhou har Kantin Kwari, an rubuta a ƙasansa wai Balarabe ya rufe bakin Ɗan Isra'ila.

Da aka watse, abokina ya ja ni waje yana ɗingishi, yana mita wai na ɓata masa sabon takalmin da ya karɓo samfur. Na ce masa ba ni da izinin yin bayani, amma ya zo mu koma. Muka sami Loban a bayan kicin yana zaune a kan buhun shinkafa. Ya tashi ya rungume abokina, ya daɗe bai sake shi ba, sannan ya gaya masa komai da bakinsa.

To kun san mai hali. Ko hawayen mutumin bai bushe ba, abokina ya ce a hankali, “Ke nan dai ni ne da gaskiya. Da a Isra'ila ne, da ƙaninka yana gida yanzu.”

Loban ya saki wata 'yar dariya. Ya ce, “Matata Bafalasɗiniya ce. Gidan da aka haifi mahaifiyarta, waɗanda kake yabo ne suka rushe shi, kuma ɗan yayarta yana tsare a hannunsu ba a kai shi kotu ba. Kai ka ɗauko ƙanina don ka wanke waɗanda suka rushe gidan surukata. Alhaji ya ɗauko dangin matata don ya wanke waɗanda suka kama ƙanina. Ni kuma in na koma gida, kukan ƙanina da na ɗan yayar matata nake tararwa a ɗaki ɗaya.” Ya ɗauki tawul ya rataya a kafaɗa. “Ku dai kuna cin shinkafa kuna musu. Allah ya bar ku da wannan ni'imar.”

Ban taɓa jin kunya ta kama ni a madadin jama'a kamar ranar ba. Muka fito muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa.

An daɗe kafin a sako ƙanin. Ko bidiyon ya taimaka, ko bai taimaka ba, Allah kaɗai ya sani. Loban ya yi ƙoƙari ya kawo shi Guangzhou, ya zaunar da shi a wajen karɓar kuɗi, don ba ya iya tsayuwa mai tsawo. Yana jan ƙafar hagu, kuma yatsu biyu na hannunsa ba sa lanƙwasuwa. An gaya wa majalisa wai haɗarin babur ya yi, kowa ya yi masa jaje. Tsohuwarsu da ƙannensu mata suna can ƙasar, saboda haka haɗarin babur ɗin ne dai har gobe.

Alhaji na Maradi kuwa bai taɓa barin zancen ya mutu ba. Duk Juma'ar da muka haɗu sai ya zaro bidiyon ya kunna, ya ce, “Ɗan Isra'ila, ka tuna ranar da Loban ya kashe bakinka?” Ƙanin yana zaune taku kaɗan daga teburinmu, yana miƙa canji da hannun nan nasa. Hujjar da abokina ya yi ta nema ga ta nan a gabansa da ranta, nuni ɗaya da yatsa ya ishe shi ya kayar da majalisar gaba ɗaya. Sai in ga ya dubi saurayin, ya sunkuyar da kai cikin farantinsa, ya ce, “Na tuna, Alhaji. An kayar da ni.”

Bai daina musu ba, kada ku ɗauka ya shiryu. Har yanzu yana kare Isra'ila in an taɓo ta, Alhaji kuma yana ganin hannunta a cikin komai. Amma ni abin da na koya shi ne, wanda aka riƙe masa ɗan'uwa ba a kiransa shaida, kuma ciwon wani ba hujja ba ce da za ka ɗora a tebur don a tafa maka. Abokina ya ci musu ba adadi a rayuwarsa, ban riƙe ko ɗaya ba. Musun da ya yarda ya faɗi a cikinsa, shi ne ya sa har yau in na gan shi nake jin girmansa.