Ajin da Matata Ta Bar Mini a Kwalba

Na yi shekaru ina karantarwa, na kuma leƙa abin da ya sawwaƙa na littattafan masana, ga kuma abin da na tsinta a ƙarshe: babu jarrabawar da ta kai wa mai rai tsanani kamar ranar da aka fito da shi daga inda ake ciyar da shi kyauta. Haihuwa ke nan, yaye ke nan, sallama daga aiki ma ke nan. Wannan babban ilimi kuwa ba a jami'a na same shi ba. A bayan ɗakin girkinmu na same shi, a Kakuri, a bakin wata kwalba mai kama da ta zuma.

Matata ta yi aiki a masaƙa, ita ke zana furannin da ake bugawa a atamfa. Akwai wani fure da ake kira okid, ta zana shi ba adadi, daga hoton kalanda ta kwaikwaya. Matan garin nan sun ɗaura shi zuwa coci da biki, ita kuwa ba ta taɓa ganinsa da ido ba. Da aka rufe masaƙa sai ta koma sayar da zare da maɓalli a ƙofar gida, amma furen bai bar ranta ba.

A shekarar da ciwon ƙoda ya kama ta, wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan gyaran mota ya dawo daga Legas da saƙonta. Kwalba ce a toshe, cikinta cike da 'yan tsirrai, kowanne bai fi farce ba, sun kafa saiwa a wani abu mai kama da agidi.

"Abincinsu ke nan," in ji ta. "Tun da suka tsiro iskar waje ba ta taɓa su ba. Ko ƙwayar cuta ɗaya ba su sani ba."

Na ce, "'Ya'yan manya ne ashe. Na karantar da irinsu, sati ɗaya a makarantar kwana sai zazzaɓi."

"To, Malam, ka samu sabon aji."

Hannuwanta sun kumbura a lokacin, don haka ni na yi aikin, ita tana kan kujera tana ba da umarni daga abin da ta kalla a waya. Na naɗe kwalbar a tsohon zane na fasa. Na wanke tsirran a ruwa mai ɗumi, ɗaya bayan ɗaya, har sai da ba sauran agidin a saiwarsu, domin zaƙinsa ke jawo funfuna. Na shimfiɗa su a jarida suka sha iska. Sannan na dasa su a kofunan roba masu huji, cikin dakakken gawayi da ɓawon kwakwa. Ƙasa kuwa ko ƙwaya, domin a inda ya fito furen nan a jikin bishiya yake maƙalewa, ƙasa shaƙe shi take yi. Muka lulluɓe su da farar leda a inuwa, kullum a ɗan ƙara ɗage ta, don su saba da duniya a hankali.

Na tambaye ta yaushe za su yi fure.

"Shekara uku, wataƙila huɗu."

Kofunan take kallo da ta faɗa. Na san abin da likita ya ce, ita ma ta sani. Na taɓa riƙe ajin lissafi da aka yi ƙarancin malamai, amma ranar nan ban ɗebe komai daga komai ba.

Duk ranar da muka dawo daga wankin ƙoda, kafin ta cire ɗankwali za ta ce, "Yaya ɗalibanka?" In ce wasu sun bar makaranta, saura suna ƙoƙari, ita kuma ta yi dariya. Wata rana ba ta yi dariyar ba. Ta ce, "Kada ka bari su ƙare, Malam. Ko ɗaya ne ya rage, ka gane mini furensa da idonka."

Tsakiyar damina ta rasu. A al'adarmu gida ake kai mutum, ƙauye, kuma ba a binne shi a juyo washegari. Sai an zauna da dangi. Na bar makulli wurin wata dattijuwa maƙwabciyarmu, shugabar zumuntar mata a cocinmu, wadda ta tashi a gonar citta. Na ce yayyafi kawai za ta riƙa yi musu da safe.

Da na dawo, ba kofuna, ba leda. A tsakar gida, inda rana da ruwan sama suka fi duka, ga wani babban baho cike da baƙar ƙasa, tsirran a jere kamar kunyar gona. Sai ga dattijuwar ta shigo.

"Baba Malam, sannu da hanya. Yaya ƙarin haƙuri? Zo ka ga 'ya'yan Mama. Na ga baƙin ciki ya sa ka manta ka sa musu ƙasa, gawayi zalla, ga leda ta hana su numfashi. Maraya ai ba a barinsa da yunwa. Har Sabon Tasha na je na samo musu kashin kaji. Gawayin ma bai tafi a banza ba, da shi na dafa wa masu gaisuwa shayi."

Na dubi ƙafafunta, tsohuwar da gwiwa ke damu, ta ɗauko taki a ka saboda matata. Na yi mata godiya, har na rusuna.

Na tone su na wanke, amma aikin gama ya gama. Suka yi laushi kamar dafaffen alayyafo, suka bi juna. Bahon kuwa na kasa zubarwa.

Sai wata safiya na ga kore a gefensa, ɗan tsiro ɗaya, ya miƙe. Na ja bahon inuwa, na nemo leda, na koma yayyafi da ɗagawa a hankali. Kowace safiya nakan tsaya gaban kujerarta in ba da rahoto: ɗalibi ɗaya ya rage, kuma yana zuwa aji. Na lura ganyensa yana da tsaga-tsaga da 'yar suma, ba kamar na 'yan'uwansa ba. Na ce wa kaina yara sukan canza kama bayan yaye. Wanda ya daɗe a aji ya iya ganin alamar hazaƙa inda babu ita, in ba haka ba da ba zai tashi da safe ba.

Bai jira shekara uku ba. Kafin ruwa ya ɗauke ya yi fure, ɗan ƙarami, ruwan ɗorawa. Na jawo kujerarta na zauna, na daɗe ina kallonsa da idona, kamar yadda aka umarce ni.

Tumatir ne, daga kashin kajin ya tsiro.