Kwalin da Inna Ta Hana a Ɗaga

Ni dai mutum ce mai saurin hawa, kowa a makarantar firamaren da nake koyarwa a Dutsin-Ma ya san haka. Amma ban taɓa zaton wata rana zan tsaya ina zage-zage da na'ura ba, sai da ƙanwata ta yi haihuwar fari a Fatakwal.

A gidanmu, in 'ya ta haihu nesa kuma ba ta samu zuwa wankan gida ba, uwa ce ke haɗa mata kayan jego: geron kunu, kanwa, yaji, daddawa, kuka, man shanu. Dangin miji kuwa ido suke zubawa su ga abin da zai shigo ta ƙofa, don da shi ake gane ko yarinya tana da gata. Na Inna ba a magana. Lokacin tawa haihuwar, ƙarti biyu ne suka shigo da shi suna nishi.

Da can direba ake ba wa a tasha. Ya ɗaga, ya jijjiga, ya faɗi kuɗinsa, in ya ji ba nauyi ya yi maki sauƙi. To direban da muka saba da shi ya daina bin hanyar, sai mijin ƙanwata ya ce a kai ofishin wani kamfanin aika kaya da aka buɗe a garinmu, su har ƙofar gida suke kaiwa.

Da hantsi Inna ta iso daga ƙauyenmu na wajen Kurfi, da ƙaton kwali irin na talabijin, an naɗe shi da buhu an ɗinke da basilla. Ta miƙo mini ƙullin wake, tsarabata da ba ta taɓa fashi ba. Na kai hannu zan kama mata kwalin, ta buge ni.

"Bari! Ke da bayanki ke ciwo? Ni na ɗaure abina, ni na san inda zan kama."

Mai Keke Napep ma hana shi ta yi. Ita ta sa, ita ta sauke, tana "wash, wash, Allah", ni kuma ina bayanta ina mita a kan taurin kan tsofaffi.

A ofishin muka tarar da layi, yawanci ɗaliban jami'a, sai wani Alhaji da ya san mahaifinmu. Ma'aikaciyar 'yar Kudu ce, Hausarta ras. Gabanta wani teburin ƙarfe ne, da ido kamar na kyamara yana leƙowa daga sama. Kana ɗora kaya, jan haske zai bi ta kansu, nan take tsawo da faɗi da nauyi su fito a allo, kuɗin ma ya fito. Ba ciniki, ba "haba ɗana".

Inna ta ɗora kwalin da nishi. Haske ya wuce. Ma'aikaciyar ta dubi allo, ta dubi kwalin, ta sauke ta sake ɗorawa da kanta.

"Mama, kayan nan girma ne da su, ba nauyi. Mu kuma wanda ya fi yawa tsakanin girma da nauyi shi muke bi, don wuri yake ci a mota. Da za ki mayar da su ƙaramin kwali, da kin samu sauƙi sosai."

Na leƙa allon. Nauyin da ya nuna ko tiya biyu ta gero bai kai ba. Nan fa na hau.

"Ke, wace irin maganar banza ce wannan? Na'urarku ta lalace ku ce kayan mutane ba nauyi? Kin san ko wace ce wannan? Tsohuwar nan tun daga Kurfi take fama da shi!"

"Anti, yi haƙuri..."

"Ba wani haƙuri! Ƙarfe ne zai ƙaryata uwata?"

Inna tana jan mayafina tana cewa in bari, ni kuwa idona ya rufe. Na ce bari in nuna musu. Na tattara ƙarfina duka, na rungumi kwalin na yunƙura.

Saura kaɗan in faɗi da baya. Kwalin ya taso har haɓata kamar na ɗauki matashin kai, wani abu a ciki yana ƙaras-ƙaras.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dire kwalin. Wallahi na ji tsoro, irin tsoron da ke kama mutum in ya taka matakala ya ji babu ita. Na juya na dubi Inna, ta kafa idonta a ƙasa. Alhajin nan ya ciro waya ya kara a kunne, alhali ba wanda ya kira shi, ya fice. Ma'aikaciyar ta juya allon ya fuskanci bango.

Muka fito gindin darbejiyar ƙofar ofishin. Na ce, "Inna, mene ne a ciki?"

"Ɓawon masara." Sannan ta ƙara. "Akwai yaji da kuka. Da zanena guda."

"Geron fa? Ina rumbunmu?"

"Wane rumbu? Damina nawa rabon da a shiga gonar daji, ke ba ki sani ba? Ta bayan gida kau mi za ta yi?"

Na sani sarai cewa masu bindiga sun hana noman nesa. Amma duk zuwan da za ta yi sai ta zo mini da wake, sai na ɗauka mu abin bai taɓa mu ba.

"To in an buɗe a can fa?"

"Ita za ta buɗe a ɗakinta, ita kaɗai. Surukai ƙofa suke kallo. Su dai ga ya shigo da girmanshi, kada a ce ɗiyata ba ta da kowa." Ta share fuska da bakin mayafi. "Direba da ya ɗaga zai gane, ya yi shiru. Ban san wannan abin faɗi yake ba."

Muna nan sai ga ma'aikaciyar ta fito, ta rage murya. Ta ce tunda kuɗin girman za a biya, ko an cika kwalin da hatsi ba abin da zai ƙaru sosai, mu je mu dawo, ba sai mun sake bin layi ba. Na rasa inda zan sa fuskata, yarinyar da na gama zazzage wa masifa.

Muka koma gidana na farke ɗinkin. Ɓawon masara ya cika tsakar gida, awakin maƙwabta suka samu biki. Na shiga kasuwa na auno gero, na sayo kanwa da daddawa da man shanu, na zuba har da waken da ta kawo mini. Inna ta karɓi basilla ta ɗinke da kanta.

Da la'asar muka koma. Mai Keke ya sauke mana kwalin a bakin ƙofa. Na kai hannu, ta sake buge ni.

"Kayan ɗiyata ne. Ni zan ɗora."

Ta naɗe hannun riga ta duƙa. A nan na ga damatsanta, fata ce kawai a kan ƙashi. Matar da ke ɗaukar dami daga gona har gida ba ta huta ba. Ta yunƙura, kwalin bai motsa ba. Ta sake, ta ce "wash", wannan karon na gaske, ta zauna a kansa tana haki.

Ni da ma'aikaciyar muka kama muka ɗora. Jan haske ya wuce, nauyi ya fito daidai da girma. Inna ta miƙa wuya ta dubi allon da ba ta iya karantawa.

"Yanzu mi ya ce?"

"Ya ce ya cika, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta fara gyara mayafi, wai za ta nemi motar Kurfi kafin magariba. Na riƙe hannunta. Yatsuna biyu suka zagaye shi har da saura.

Na ce, "Inna, yaushe rabonki da tuwon dare?"

Ta kau da kai, ni kuwa ban saki hannun ba.