Kunnen Motar Maigidana

Shekarun baya, lokacin da soja suka miƙa mulki kowa yana ta murna, ni abin da ya dame ni mota ce. Maigidana malamin koyar da sana'a ne a nan Wudil, ya samo wata tsohuwar mota mai turbo, 'yar na'urar nan da ke cusa wa inji iska. Iskar ba yawa, amma ta ishe mu aiki.

Matsalar taimin ce, wato lokacin da fulogi zai ba da wuta. In ya gaggauta wutar, motar ta yi ƙarfi, amma da an taka totur sai inji ya fara wata 'yar ƙara, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya ce ƙarar nan ita ke cinye inji. In ya jinkirta, ta zama raguwa. Ya ƙara mata mai, salansa ta yi baƙin hayaƙi. Ya rage, ta ɗau zafi. Ga man 'yan bumburutu, na yau daban na gobe daban, wani har warin kananzir yake.

To shi kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Sai na zama kunnen, ga ni da tsohon ciki. Kullum bayan la'asar ya ce, "Taso mu gwada ta." Mu miƙi hanyar Gaya, ya taka, ni kuma na karkata kai kamar kaza.

"Tana yi?"

"Tana yi, Malam."

Ya tsaya, ya ɗauko sipana, ya juya kaɗan, mu sake. Ƙafafuna a kumbure, bayana kamar zai tsinke, ban taɓa cewa komai ba.

A asibiti an riga an gaya mana ɗan a gicciye yake, in naƙuda ta zo mu wuce Kano kai tsaye. Ta zo ranar Juma'a da hantsi, ranar kasuwa, shi kuwa tun safe ya kwance saitin bai gama ba. Ya ɗaure shi haka nan da ka, ba gwaji. Surukata ta shiga baya ta riƙe ni.

Da ƙyar muka fita daga cikin motocin shanu muka haye gada. Hanya na buɗewa ya taka iya ƙarfinsa. Cikin azabar nan na ji ƙarar injin, fiye da yadda na taɓa ji. Na so in yi shiru, amma na san in injin ya mutu a dajin nan mun shiga uku.

"Malam, tana yi."

Ya gangara gefe ya buɗe gaban mota. Surukata ta leƙa ta taga. "Kai! Yarinya na naƙuda kana wasa da ƙarfe?"

"Inna, yi haƙuri, in ban gyara ba ba za mu kai ba."

Ya ɗauko sipana. Ya jinkirta wutar sosai, ya sake mata mai. Haka muka ja jiki har Kano, a hankali, hayaƙi na bin mu, Inna na salati. Aka yi mini aiki, aka ciro 'yata da rai. Motar kuwa bai ƙara taɓa saitinta ba har ta bar hannunmu.

Sai da yarinyar ta shiga sakandare na ce masa, "Ka san yawon gwajin nan ya kusa kashe ni?"

Ya ce, "Ni fa na ɗauka daɗi kike ji. Na ga kin gaji da zaman ɗaki, shi ya sa ko ta daidaita nake cewa mu sake."

Ban yi fushi ba, ban kuma yi dariya ba. Gajiyar ce kawai ta dawo mini sabuwa. Na zauna ina tunanin wata nawa muka yi a kujera biyu, yana yi domina, ina yi dominsa, kowa a gajiye, babu wanda ya buɗe baki. Yanzu in na gaji faɗa nake yi, tun kafin a tayar da mota.