Neman Maganin Saniya a Hutun Kirsimeti

Litinin: Dalijan zuwa Gwandu

Tun kafin assalatu na ɗaura wa jaki akumari. Saniyarmu ɗaya tilo, wadda Inna ke sayar da nononta mu ci abinci, ta kwana biyu ba ta tuƙa, cikinta ya kumbura kamar ganga. Baffa ya ce in garzaya in ɗauko malamin dabbobi na En'e. A ƙarshen shekarar 1955 ne.

Da hantsi na isa Gwandu, na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofar ofis, maigadi na gefe yana gasa rogo.

"Baba, ina Malam Garba malamin dabbobi?"

"Ya tahi Kalgo wurin iyalinai. Kirsimeti aka yi."

"Mi a Kirsimeti?"

"Sallar Nasara ta. Jiya anka yi ta."

"To ba ta wuce ba?"

"Ga Lahadi ta hwaɗo, yaro, ranar da dama ba a aiki. Shi ya sa gwamnati ka ramuwa yau."

Ramuwar azumi na sani, amma ramuwar hutu ranar na fara jin ta. Na bar masa amanar jaki, na nufi tasha raina a ɓace.

Gwandu zuwa Kalgo

Bayan azahar na samu motar gyaɗa. Direban, Bitrus, mutumin Zuru ne, kuma in ban da Bature shi kaɗai ne Kiristan da na gani a duk tafiyar. Na tambaye shi me ya hana shi hutawa.

Ya yi dariya. "Maigidana Alhaji ya ce gyaɗa ba ta san Kirsimeti ba. Jiya ma kan hanya na yi tawa, da ƙuli-ƙuli."

A Birnin Kebbi muka wuce ofisoshi duk a garƙame. Ma'aikata, kowa da carbinsa, sun baje a inuwar durumi suna taya Nasara hutu bilhaƙƙi. Ana kiran magariba muka shiga Kalgo. Na kwana a zauren wani masunci, aka ba ni tuwon shinkafa da miyar kifi, amma tunanin saniya ya hana shi wucewa.

Talata: Kalgo

Na samu Malam Garba kan tabarma ana masa aski. Ya saurare ni da tausayi, har da salati.

"Wayyo! Wanga ciwo kwalba guda ka kashe shi. Amma maganin na sito, mabuɗi na hannun Bature, Bature ko yana cin talotalo."

"Malam, ai jiya anka yi ramuwa."

"Yau hutun kashegarin sallar aka ramawa. Ita ma doka ta."

"Ashe kai ma ka shiga addininsu?"

Ya zabura har wanzami ya kusa yanke shi. "A'uzubillahi! Ni da Kirsimeti? Hutun dai na gwamnati na, kuma ban saɓa ma na gaba."

Na roƙa, na haɗa shi da Allah, har na yi hawaye, ban ji kunya ba. Ya ce in yi haƙuri zuwa Laraba.

Laraba: komawa gida

Malam bai yi ƙarya ba. Da safe muka biya Birni, Bature ya buɗe sito yana hamma, aka ba ni kwalba. Bitrus ya sake kwaso ni, ya ƙi karɓar ko anini. Na ɗauki jakina a Gwandu, na yi ta dukansa ba laifin komai.

La'asar sakaliya na shiga gida, kwalba a ƙirji. Fata na fara gani a shanye kan danga. Inna na zaune kusa da ƙwaryar tatsa, ba ta ɗago ba.

Baffa ya ce, "Sannu da hanya. Tun daren Litinin munka sa mata wuƙa kada ta yi mushe. Gari duk an ci nama." Ya dubi kwalbar. "Mi ya tsai da kai?"

Na ce, "Sallar Nasara, Baffa."

Ya ce, "To, Allah shi karɓa musu. Mu munka yi musu layya."

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Bitrus da masuncin Kalgo. Gwamnati kuwa, Allah ya ƙara mata hutu.